Me ƙungiyar likitoci za ta iya canzawa a gadon yaro mara lafiya a Maraɗi?

Wata ƴar'uwa ma'aikaciyar jinya da ke aiki a ɗakin yara a jihar Maraɗi ta aiko da tambaya. Ta ce kullum suna jin an yi taron likitocin yara a Yamai, an ɗauki hoto, an raba takardun shaida, amma da malka ta kama sai a tarar da yara biyu ko uku a gado ɗaya kamar bara. Tana so ta sani ko ƙungiyar ma'aikatan lafiya tana da abin da za ta iya yi wa yaron da ke kwance, ko kuwa sai dai a zuba ido ga gwamnati da ƙungiyoyin agaji.

Malama, Allah ya saka da alheri da wannan tambaya, domin mutane da yawa suna da ita a rai. E, tana da abin yi, kuma mai yawa. Amma sai mun fara rarrabe ƙungiyoyin, tunda a bakin mutane duk ƙungiya ce. Sandika aikinta albashi, alawus da haƙƙin ma'aikaci. Oda ta likitoci ita ke riƙe da rajistar wanda ya cancanci duba mara lafiya, ita ke ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar sana'a. Ta ukun ita ce ƙungiyar masana, irin ƙungiyar likitocin yara ta Nijar, ASNIPED, ko takwararta ta Najeriya da aka kafa a 1968. Wannan ta ukun ita tambayarki ta fi shafa. Ba ta da sito na magani, ba ta ɗaukar ma'aikata, ba ta gina asibiti. Abin da ke hannunta shi ne ta sa masu sana'a ɗaya su yarda da hanya ɗaya ta yin aiki, ta koyar da wannan hanyar a bakin gado, sannan ta ƙirga ko ana bin ta. Idan tana yin haka, za a ga alamarta a ɗakinku da ƙarfe biyu na dare a watan Satumba, lokacin da babu babban likita a kusa.

Mu fara daga ƙofa, domin a asibitocin yara na ƙasashenmu kaso mai yawa na mace-mace yana faruwa ne a awa 24 na farko. Uwa ta taso daga wani ƙauyen Gidan Rumji ko Dakwaro a kan amalanke ko kabu-kabu, ta iso da yaro a goye, an rufe shi da zane, ta shiga layi. Layin kuwa yana tafiya ne bisa wanda ya riga zuwa. Yaron da ya suma ba ya kuka, don haka shi ne ba a lura da shi ba. Tsarin tantance yara masu buƙatar gaggawa da ake kira TETU an yi shi ne don wannan: mutum ɗaya a ƙofa, ya ɗaga zanen kowane yaro, cikin ƙasa da minti ɗaya ya duba numfashi, ya taɓa tafin hannu ya ji ko ya yi sanyi, ya ga ko yaron yana farke, ko yana jijjiga, ko idonsa ya faɗa saboda zawo. Wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan a wuce da shi ciki nan take, karne da rajista su biyo baya. A babban asibitin Bilantaya na ƙasar Malawi, inda wannan tsari ya yi ƙarfi, gyaran ƙofa da horar da masu karɓar yara ya sauko da mace-macen yaran da aka kwantar daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari ya koma kashi 6 zuwa 8. Babu sabon magani a ciki. Aikin ƙungiya a nan shi ne ta tsaya a kan cewa kowane asibitin gunduma da kowace CSI (ƙaramar cibiyar lafiya) mai cunkoso suna da mai tantancewa a ƙofa dare da rana, kuma har maigadi da mai shara a koya musu alamomin, domin da dare sau da yawa su ne suke fara ganin uwar.

Bayan ƙofa sai awon magani, kuma a nan ne ake yin kurakuran da ba a gani. Ɗauki allurar artesunat ta masassarar cizon sauro mai tsanani. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma 2.4. Har yanzu akwai masu ba kowa 2.4 saboda haka suka koya a makaranta kafin a canza. Kwalbar miligiram 60 ana fara narka ta da mililita 1 na bikarbonat ɗin da ke cikin kwalin, a girgiza har ruwan ya washe, a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri idan ta jijiya za a ba, sai kowane mililita ya ɗauki miligiram 10. Yaro mai kilo 10 ke nan mililita 3 zai samu. Ana ba da ita da isowa, bayan awa 12, bayan awa 24, kuma abin da aka haɗa ba a ajiye shi ya wuce awa ɗaya. Inda aka fi tuntuɓe shi ne allura ta biyu. Yaron da ya iso da ƙarfe uku na rana, tasa ta biyu tana faɗawa ƙarfe uku na dare, lokacin da mutum ɗaya ke riƙe da ɗaki gaba ɗaya, sai a bar ta zuwa safe. Wani tuntuɓen kuma shi ne a sallami yaro bayan allura uku ba a ɗora shi a kan cikakken maganin sha na kwana uku ba.

Haka sukarin jini. Duk yaron da ya suma ko yake jijjiga a ɗauka sukarinsa ya faɗi sai an auna an ga ba haka ba. Ana ba da mililita 5 a kowane kilo na ruwan sukari mai kashi 10, jariri kuma mililita 2. Idan mai kashi 30 ne kawai a kabad, kashi ɗaya nasa da kashi biyu na ruwan allura ya ba da mai kashi 10. Idan jijiya ta ƙi samuwa, ƙaramin cokali na sukari da aka jiƙa da ɗigon ruwa a ƙarƙashin harshe yana riƙe yaro kafin a samu, kuma an gwada wannan a Burkina Faso da Mali. Duk wannan lissafi bai kamata mutumin da ya kwana a tsaye ya riƙa yin sa da ka ba. Ƙungiya ta zauna ta fitar da allo ɗaya: nauyi a gefe daga kilo 3 zuwa 25, mililita a gaba, na artesunat, sukari, diyazefam, seftiriyakson, jantamisin da jini. A buga shi da manyan haruffa, a rufe shi da leda, a manna a bangon ɗakin gaggawa daidai idon mai tsaye, da kwanan watan da aka duba shi a ƙasa. Allon ya zama iri ɗaya a Tasawa, Mayahi, Agye da Madarunfa, ta yadda wanda aka yi wa canjin wurin aiki ba zai sake koyo ba. Allon kuwa ba shi da amfani idan sikeli ya lalace ana ƙiyasta nauyi da ido, don haka sikeli yana cikin abin da ake dubawa.

Maganar ƙarin ruwa tana buƙatar a tsaya a kanta a jihar da tamowa ta yi yawa kamar tamu. Iyaye suna ganin idan ba a rataya wa yaro ruwa ba, ba a yi masa komai ba, ma'aikaci kuma yana jin nauyin idonsu. Amma zuciyar yaro mai tamowa ta raunana, ruwan da aka tura da sauri yana taruwa a huhunsa. Fatarsa kuma da ma a saki take, idonsa a faɗe, sai ya yi kama da wanda zawo ya busar ko da bai bushe ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ba shi ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ta baki, mililita 5 a kowane kilo kowane minti 30 na awa biyun farko, ana ƙirga numfashi da bugun zuciya, ruwan jijiya kuwa sai idan ya shiga halin suma da sanyin gaɓoɓi. Ko a yaran da ba su da tamowa, babban binciken da aka yi a Yuganda, Kenya da Tanzaniya, wanda aka fitar a 2011, ya nuna tura ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani ya ƙara mace-mace. Irin wannan sakamako yana rushe abin da mutum ya shekara ashirin yana yi, kuma ba ya karɓar sa daga takardar da aka aiko daga ofis. Yana karɓar sa daga abokin sana'a da yake girmamawa, wanda ya tsaya tare da shi a kan gado suka duba yaron tare. Wannan amana ita ce babban jarin ƙungiyar masana.

A ɗakin CRENI kuma, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, abin da ke kashe yara da dare shi ne yunwa da sanyi. Madarar F-75 ana ba da ita kowane awa biyu ko uku har da tsakar dare, kimanin mililita 130 a kowane kilo a yini. Idan aka tsallake ta ƙarfe goma sha biyu da ta ƙarfe uku, da asuba sai a tarar da yaro ya yi sanyi, musamman a watan Disamba da Janairu. Bargo, hula da kwantar da yaro a ƙirjin uwa suna cikin magani.

Iskar oksijin ma haka take. Yaron da ma'aunin yatsa ya nuna ƙasa da 90 yana buƙatar ta, jariri rabin lita zuwa lita 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2. Injinan da ke tace iskar suna mutuwa a nan ne saboda ƙura da zafi. Soson da ke bayan injin ana cire shi a wanke kowane mako, a lokacin hunturu ma fiye da haka, a shanya ya bushe kafin a mayar, kuma injin kada a manna shi da bango. Injin yana iya yin ƙara yana hura iska alhali oksijin ɗin da ke ciki ya ragu, sai da ma'aunin da ke gwada tsabtar iskar ake ganewa. Ƙungiya tana iya samun ma'auni ɗaya ya riƙa zagaya gundumomi tare da mai gyara, ta kuma nace a san abin da za a yi idan wuta ta ɗauke: wa ke tayar da gurup, cikin minti nawa, ina kwalbar ajiya take.

Sai yadda ake koyarwa, inda aka fi ɓarnar kuɗi. Horon kwana biyar a ɗakin taro, da kuɗin zama da jaka, yana jawo shugabanni su je da kansu su bar masu aikin dare. Wanda ya je kuma bayan wata shida hannunsa ya manta. Akwai darasi a shirin farfaɗo da jarirai da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar a 2010, wanda ke koyar da cewa jaririn da bai yi kuka ba a goge shi, a motsa shi, idan bai yi numfashi ba a fara hura masa iska da balan da abin rufe fuska kafin minti ɗaya ya cika. A asibitoci takwas na Tanzaniya mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Abin da aka gano daga baya shi ne horon rana ɗaya kaɗai ba ya zama a hannu, sai an ajiye ɗan roban gwaji a ɗakin haihuwa ana maimaitawa na ƴan mintuna a kai a kai. Don haka abin da ya dace da Maraɗi shi ne likitocin yaran da ke babban asibitin jiha, da asibitin uwa da yaro, da malaman sashen kiwon lafiya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kowa ya ɗauki gunduma ɗaya ko biyu ya zama nasa. Ya je wata-wata, ya yi zagayen gado tare da ma'aikata, ya kwana ɗaya ya ga aikin dare, lambarsa kuma tana manne a bango. Tsakanin ziyara, rukunin WhatsApp yana aiki sosai, da sharaɗin kada a saka sunan yaro ko fuskarsa. Lokacin wannan aiki shi ne Mayu da Yuni. Horon masassara a watan Satumba ɗauke hannu ne daga ɗakin da ke cike.

Abin da ya fi duka wuya, ya kuma fi amfani, shi ne zaman bitar mace-mace. Sau ɗaya a wata, awa ɗaya, a ɗauko takardun yara uku ko huɗu da suka rasu, a rufe sunan yaro da na ma'aikaci. A bi sa'o'i ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe nawa ya iso ƙofa, ƙarfe nawa aka fara duba shi, yaushe aka ba da allurar farko, yaushe aka nemi jini, yaushe aka rataya shi, yaushe aka yi masa dubawar ƙarshe kafin ya cika. Mun yarda rai na Allah ne, kuma wannan bai hana a tambayi ko mun yi abin da ke wuyanmu ba. A ƙarshe a fita da gyara ɗaya ko biyu kawai, kowanne da sunan mai yi da ranar gamawa, zaman gaba kuma a fara da su. Zaman yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. Idan shugaba ya fara magana, kowa zai bi bakinsa, don haka ƙarami ne ke fara faɗa. Idan aka taɓa hukunta wani da abin da ya faɗa a zaman, an gama, takardu za su fara yin tsaf ba tare da aikin ya canza ba. Idan kuma kowane zama yana ƙarewa da “rashin kayan aiki”, ba a yi bita ba, domin ba a kai ga abin da ke hannun mutanen ɗakin ba. Shi ya sa ya fi kyau mai jagorantar zaman ya zo daga ƙungiya, wanda ba shi ke sa hannu a takardar ƙarin girman kowa ba.

Daga bita ake samun ƙidaya. Ba a buƙatar alƙaluma hamsin. Biyar sun isa a fara: yara nawa suka rasu a awa 24 na farko, minti nawa daga ƙofa zuwa allurar farko, awa nawa daga neman jini zuwa rataya shi, takardu nawa ke ɗauke da nauyi da awon oksijin, madarar dare nawa aka tsallake. A Kenya, tun 2013 ƙungiyar likitocin yara tare da ma'aikatar lafiya da masu bincike suke tattara irin waɗannan bayanai daga asibitocin gundumomi suna mayar wa kowane asibiti nasa sakamakon, ya ga inda yake a tsakanin sauran. Maraɗi ba baƙuwa ba ce a aikin ƙidaya mai tsafta, tunda a Madarunfa aka gwada allurar rigakafin zawon rota mai jure zafi da aka fitar da sakamakonta a 2017.

Ƙidayar ce ke ba ƙungiya baki a gaban hukuma. Tun 2006 doka ta ce kula da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu yana zubar da kabad, sai a koma rubuta wa uba takarda ya je ya sayo. Ma'aikaci ɗaya ba zai iya faɗar wannan da ƙarfi ba, yana tsoron canjin wuri. Ƙungiya tana iya zuwa da takarda ta ce a gundumomi kaza an yi kwana kaza babu artesunat a watan Agusta, ga abin da ya biyo baya. Haka batun jini. Yaron da haemoglobin ɗinsa, wato awon ƙarfin jininsa, ya sauka ƙasa da 4, ko yake tsakanin 4 da 6 yana haki, yana buƙatar mililita 20 a kowane kilo cikin awa uku zuwa huɗu, mai tamowa kuma rabin haka a hankali. Irin wannan yaro ba ya jiran a je ƙauye a nemo kawu. Gangamin ba da jini da limamai, ɗalibai da ƴan kasuwa sai a tsara shi ya riƙa gudana tun daga Yuli har Oktoba, domin jini ba ya wuce makonni biyar zuwa shida a firigo.

Bakin ƙungiya yana kuma kaiwa ga iyaye ta gidajen rediyo, da Hausa: maganin rigakafin masassara na damina da ake ba yara daga wata 3 zuwa 59 kwana uku ne a kowane zagaye, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa suke. Cire belu wurin wanzami yana zubar da jinin yaron da da ma ba shi da shi. Bauri da ruwa kafin wata shida suna kawo zawo. A kira wanzamai da ungozomomi a zauna da su cikin mutunci, domin uwa tana zuwa wurinsu kafin ta zo wurinmu. Kuma tunda iyaye suna ƙetarowa daga Jibiya da Katsina zuwa Ɗan Isa da Madarunfa, takardar tura mara lafiya da aka rubuta ta yadda ɓangarorin biyu za su karanta abu ne da ƙungiyoyin ƙasashen biyu za su iya daidaitawa a zama ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ke cinye irin waɗannan ƙungiyoyi. Na farko kuɗin kamfanonin madarar gwangwani da na magani. Ƙa'idar duniya ta 1981 kan tallan madarar jarirai ta iyakance irin wannan hulɗa, kuma ƙungiyar da ta karɓi kuɗin taro daga mai sayar da madara bakinta ya yi nauyi a maganar nono. Gara ƙaramin taro da kuɗin mambobi. Na biyu ƙungiya ta zama ta manyan likitoci kaɗai. Likitocin yara a jihar nan ƴan kaɗan ne, yawancin yara a hannun malaman jinya, ungozomomin asibiti da majo, wato shugaban CSI, suke warkewa ko suke rasuwa. Ƙungiyar da ba ta ba su kujera da murya ba tana magana ne a kan ɗakin da ba ta kwana a ciki.

Ke kuma, Malama, ba sai kin jira Yamai ba. Ki ɗauko rajistar ɗakinku ta watan da ya wuce, ki ware yaran da suka rasu kafin su cika awa 24, ki rubuta lokacin isowa da lokacin allurar farko na kowanne. Inda ba a rubuta lokaci ba, ki sa alama, wannan ma sakamako ne. Ki nuna wa majo ko likitan ɗakin, ku nemi likitan yara mafi kusa da ku ya zo ya jagoranci zaman farko, ku roƙe shi ya zo da allon awon magani na ƙa'idar ƙasa. A wannan makon kuma a gwada sikeli da abu mai sanannen nauyi, a wanke soson injin oksijin, a sa agogo mai aiki a bangon ɗakin gaggawa.